Maɗaciyar Karfasa

A garin Gummi akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Allah ya yi ta da son sanin ƙwaƙwaf. Matsalarta ɗaya ce: hannunta yakan riga bakinta. Kafin ta tambayi abu, ta riga ta taɓa shi.

Kakarta Iyatu ta kwana biyu ba ta da lafiya. Duk abincin da aka kai mata sai ta kau da kai. Hankalin kowa ya tashi a gidan.

Ran nan da la'asar, bayan yarinyar ta dawo daga Islamiyya, sai Kaka ta ce ranta yana son farfesun kifi. Inna ta yi murna ƙwarai. Ta aika gidan Kawu Labbo masunci, aka kawo karfasa manya guda biyu.

To, aiki ya yi wa Inna yawa a ranar. Tana turara shinkafar da za a kai kasuwa da safe, ga kuma Baba zai dawo daga fadama da yunwa. Ta kankare kifin, ta tsaga cikinsa, sai ta ji tukunyar shinkafa na neman kamawa.

"Jajjaga mini albasa da citta," in ji Inna. "Kar ki taɓa cikin kifin ga sai na dawo."

"To, Inna."

Yarinyar ta yi jajjage. Amma idonta na kan kifin. Ta leƙa ciki, sai ta hango wata 'yar jaka koriya, ba ta wuce ƙwayar wake ba. Me ke cikinta? Ruwa ne ko ƙwai? Inna na nan kusa, da ta ɗaga murya za ta ji. Amma ina! Ta ɗauki tsinke ta tsokana.

Jakar ta fashe. Wani koren ruwa ya malale cikin kifin. Ta yi maza ta kwashe kayan cikin duka, ta ɗauraye da ruwa.

"Har kin gyara?" in ji Inna da ta dawo. "Madalla da ɗiyata."

Yarinyar ta miƙa mata jajjagen, ta ɓoye zancen jakar da ta fasa.

Karfasa ba ta da wuyar dahuwa. Inna ta zuba jajjage da daddawa da ɗan gishiri, ta sa kifin. Nan da nan ƙamshi ya cika gida. Aka zuba wa Kaka a kwano.

Kaka ta yi bisimilla ta kurɓi romon. Sai ta yamutsa fuska, ta ture kwanon.

"Ɗaci gare shi kamar maɗaci. Ku bar shi, na haƙura."

Ta koma ta kwanta. Tausayin Kaka ya kama yarinyar, hawaye suka zubo mata.

"Inna, ni ce na fasa wata koriyar jaka cikin kifin."

"Maɗaciya kinka fasa?" in ji Inna. "Da kin gaya mini tun ɗazu, da na yanke wurin na wanke da lemun tsami. Yanzu ta gama tukunya duka. Maza gidan kawunki kafin magariba, ko Allah ya sa da saura."

Ta ruga da gudu. Ta tarar da Kawu Labbo yana ɗinkin taru. Da ya ji labari sai ya yi dariya, ya ciro karfasa ɗaya da ta rage masa.

"Matso ki gani," in ji shi. Ya tsaga kifin, ya sa yatsa a hankali, ya zaro maɗaciyar ba ta fashe ba.

"Kawu, mi ne amfaninta ga kifi?"

"Ita ka taimaka mai narkar da abinci. Ke ma kina da irinta cikinki."

"Ni ma?" Ta dafa cikinta tana mamaki.

"Awo. Kin ga da kin tambaya tun farko, da kin sani ba ki ɓata miya ba."

Kafin a fito sallar magariba, sabon farfesu ya dahu. Kifi ɗaya ba zai ishi gida ba, don haka sauran mutane suka ci shinkafa da mai da yaji. Yarinyar ta kai wa Kaka kwanon da kanta.

Kaka ta harare ta. "Ke ɗanɗana tukuna, ban yarda da ke ba."

Ta ɗanɗana, ta ce babu ɗaci. Kaka ta tashi zaune. Ta ci kifin tas, ta shanye romon, har ta nemi a ƙara mata 'yar shinkafa. Inna ta yi hamdala.

Daga ranar yarinyar ba ta daina son sanin abubuwa ba. Amma ta gane cewa abin da ba ka sani ba, tambaya ake yi kafin a taɓa. In kuma ka yi ɓarna, ka faɗa da wuri tun tana gyaruwa. Yanzu idan aka kawo kifi gidan, ita ce ke cire maɗaciya.