Kujerar Mama Nanret

Wata ranar Asabar da rana Hosea ya fara ganin Kachollom, a ɗakin taron wani coci a unguwar Plumstead da ke London, tana zuba wa tsofaffi shayi. Shi nas ne mai bi gida-gida yana duba tsofaffi. Mama Scholastica, wadda yake wanke wa ciwon ƙafa duk Talata, ita ta matsa masa sai ya zo ya ji ƙungiyarsu ta waƙa, tunda ya koyi kiɗa a Jos kafin ya koma aikin jinya.

Kachollom ta miƙa masa kofi. "Sukari nawa?"

"Yadda kika ga ya dace."

"To babu. Ku ne kuka hana iyayenmu, kai ma ka ɗanɗana."

Ya shanye shayin tas, idonsa a kanta, bai ji ɗacinsa ba.

Sunan ƙungiyar Muryar Gida. Baba Rwang, mahaifin Kachollom, da matarsa Mama Nanret ne suka kafa ta a flat ɗinsu na Woolwich shekara talatin da suka wuce. Mutum ashirin da huɗu ne, masu shara da direbobin bas da masu kula da marasa lafiya. Suna rera waƙoƙin coci da na noma da na biki, duk da Hausa. Wanda ƙaramar hukuma ta aiko wa wasiƙar da bai gane ba, wurin waƙa yake kawo ta a karanta masa. Da suka manyanta suka kafa doka: sai mai shekara sittin ke shiga.

Yanzu saura mutum goma sha ɗaya, amma kujeru ashirin da huɗu ake jerawa. Kowa can nesa da ɗan'uwansa, babu mai jin muryar wani, wannan ya yi gaba wancan ya yi baya. Shekara tara ba su yi waƙar biki ba. Jana'iza kawai suke zuwa, wadda Stephen, wani saurayi mai aiki a kamfanin shirya jana'iza, yake yi musu booking. Kuma sun gamsu da hakan! Sun zauna suna binne juna ɗaya bayan ɗaya, suna cewa haka aka saba.

Hosea bai iya haƙuri da irin wannan ba. Da aka tafi hutun shayi ya tashi ya kwashe kujeru goma sha ukun da babu kowa a kai, ya jibge su a lungu, ya matso da sauran kusa da juna.

"Yanzu za ku ji junanku," ya ce yana murmushi.

Baba Rwang ya tsaya yana kallon gefen damansa, inda babu komai sai tabon ƙafafun kujera a kan kafet.

"Wa ya ɗauke mini matata?"

Kachollom ta ajiye butar shayi. A hankali ta ce, "Duk wanda ya rasu, kujerarsa tana nan a wurinta. Ta kusa da Baba ta Mamana ce."

Da Hosea ya ba da haƙuri ya yi shiru, da maganar ta mutu a nan. Amma bakinsa ya riga hankalinsa.

"Baba, ku gafarce ni, ban sani ba. Amma in aka ci gaba a haka, wata rana kujeru ne kaɗai za su zo waƙa."

"Fita," in ji Baba Rwang.

Washegari da safe saƙo ya shigo wayarsa daga lambar da bai sani ba.

"Mama Scholastica ce ta ba ni lambarka. Ba ka da kunya, kuma ba ka iya magana da manya ba. Amma shekara biyar ina so wani ya faɗi abin da ka faɗa. Kachollom."

Ya amsa: "Na yarda da laifi biyun farko. Ko za ki koya mini ladabi? Ina tashi aiki ƙarfe huɗu."

"Ina sauka daga jirgin ƙasan Charing Cross biyar da rabi. Ka zo da sukarinka."

Daga nan suka fara. Yana jiranta a bakin tasha, su ratsa kasuwar Woolwich suna musun ko doyar Gana ta kai ta Binuwai. Ita kaɗai ce cikin 'ya'yan ƙungiyar da Hausa ta zauna a bakinta, domin uwarta ba ta amsa mata in ta yi Turanci. Tana ce masa Mai Kujera, shi yana ce mata Shayina.

Bayan wata huɗu ya aika manyansa. Baba Rwang bai bari sun gama gaisuwa ba.

"Yaron da ya jefa uwarta a lungu? Ga Stephen nan, yaro mai natsuwa, bai taɓa ce mana mu canja komai ba."

"Baba, ai shi ya sa," in ji Kachollom. "Stephen ya san tsawon kowannenku. In yana gaishe ku, awon akwatin gawa yake yi."

"Ki auri wanda kike so, wannan London ce. Amma ni ba zan zo ba, Muryar Gida ma ba za ta zo ba."

Kachollom ta san ba za ta iya shiga coci babu hannun ubanta ba, babu muryoyin da suka yi mata waƙa ranar sunanta. Ta faɗa wa Hosea haka tana kuka. Ya ce ta ba shi lokaci.

Sai ya ɓace. Mako shida babu jira a tasha, saƙonsa bai wuce kalma biyu. Stephen kuwa bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya raɗa mata cewa ya ga Hosea sau uku yana fitowa daga wani bene a Woolwich tare da wata kyakkyawar 'yar Gana mai suna Zarah.

Ta rubuta masa: "Mai Kujera, in ka samu wani wurin zama, ka faɗa mini da bakinka."

"Shayina, ki jera kujeru ashirin da huɗu ranar Asabar kamar kullum. Ki ƙara ruwa a buta."

Abin da Hosea ya sani, wanda 'yan ƙungiyar ba su damu su sani ba, shi ne yawan tsofaffin da ke kulle a flat suna hira da talabijin. Wasu kwana shida suke yi ba su furta kalmar Hausa ba. 'Ya'yansu sun biya wuta, sun cika firij, sun ɗauka sun gama. Su ya bi, ƙofa bayan ƙofa, da yardar iyalansu. Mama Scholastica kuma ta zauna da su a falonta tana ba su tarihin masu kujerun.

Ranar Asabar ana tsakar waƙa ƙofa ta buɗe. Hosea ya shigo, ya durƙusa a bakin ƙofa bai ƙarasa ba. A bayansa tsofaffi ne, wasu da sanda, ɗaya a keken guragu. Wadda ke gaba wata dattijuwa ce mai mayafi, 'yarta Zarah na riƙe da hannunta. Ta taka har gaban wata kujera.

"Ni Awawu, daga zongon Kumasi. An ce wannan kujera na Sista Ladi ne. An ce shi ne ya ke dafa ma kowa gwate in an yi haihuwa. Ni ban iya gwate ba, na iya wake da shinkafa. Na zo roƙon wurinshi. In kun zo waƙan coci zan sha shayi, in kun zo waƙan biki ni ne gaba."

Wani ya kwashe da dariya, ya ƙare da share hawaye. Ɗaya bayan ɗaya suka tsaya, kowa ya kira sunan mai kujerarsa, ya faɗi abin da aka san shi da shi, ya nemi izini. Baba Rwang yana ƙirgawa da leɓe.

"Goma sha biyu," ya ce. "Kujerun goma sha uku ne."

"Baba, ta gefenku ba tawa ba ce da zan ba wani," in ji Hosea, har yanzu yana durƙushe.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya ga baƙin. "Ku zauna mana. Kun zo waƙa ne ko kallo?"

Ya ɗaga hannu ya ba da murya. Abin da ya fito bai daidaita ba, amma ya cika ɗakin har tagogi suka amsa. Baba Rwang bai kai baiti na biyu ba, ya bar musu waƙar yana saurare. Da aka gama ya dubi ƙofa.

"Kai, marar kunya. Tashi. Ka ce wa mutanenka su dawo, wancan karon ban ba su ruwa ba."

Kachollom ta wuce ta gaban Hosea da buta, ta zuba masa shayi, ta jefa sukari uku.

An ɗaura auren a watan Yuli. Stephen ya kira yana neman ƙungiyar a ranar, Mama Scholastica ta ce masa, "Ɗana, yau masu rai ne suka yi booking." A coci 'yan waƙar coci suka yi tasu. A wurin liyafa Hajiya Awawu ta ajiye sandarta ta ja gaba, jikoki haifaffun London suna ɗaukarta a waya suna tambayar ma'anar kalmomin.

Kafin waƙar ƙarshe Baba Rwang ya sauko ya kamo hannun amarya, ya kai ta gefen damansa, ya zaunar da ita a kujerar da shekara biyar babu wanda ya taɓa sai Hosea.

"Baba, doka fa?" in ji Mama Scholastica. "Ba ta kai sittin ba."

"Aro na ba ta na yau. Bayan shekara talatin ta zo ta karɓa." Ya yafito ango. "Kai kuma Mai Kujera, ɗauko wata ka sa kusa da ita. Ai ka iya."

Hosea ya ɗauko. Tsohon ya dafa kawunansu biyu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin Hausa. Allah ya sa ku tsufa tare, ku zo nan da sandunanku ku tarar da ɗakin nan a cike."

Murya ashirin da uku suka ce amin. Ya ɗaga hannu, kujeru ashirin da biyar suka kama waƙa.