Na Kashe Ta a Shafin Farko

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya. Amma mutumin da zan ba ku labarinsa ya ce min wanda ya jira sai ya iya, ba zai taɓa farawa ba.

Guga nake yi a shagon wanki. Daga inda nake tsayawa ina hango shagonsa a ƙetaren titi, inda yake buga wa mutane rubutu a kwamfuta, ya gyara musu kurakurai. Jan Biro ake ce masa. Duk ranar da ya kawo rigunansa sai ya ce, "Shiru-shiru, yau ma babu magana?" Ni kuwa in sunkuyar da kai.

Sai Mai Tabarau ta fara zuwa.

A kantin magani take aiki, wai littafi take rubutawa. Ta ja kujera dab da shi, ta yi dariya har da dafa teburinsa. Ranar da na ga ta sha ruwa da kofinsa sai da na ƙona wa wani wuyan riga.

"Ki cire ranki, Auta," in ji Yayata. "Ita ke kai wa mahaifiyarsa maganin hawan jini har ɗaki. Ke me za ki kai, dutsen guga?"

Da rana na tsallaka titin.

"Ina so... in rubuta labari."

Ya ture kwamfutar gefe. "Ashe kina da murya."

"Ban san ta inda ake farawa ba."

"Ta inda rigima ta fara. Kada ki ɓata lokaci kan fitowar rana da kukan tsuntsaye. Mutum biyu ko uku sun isa. Kuma ki rubuta wanda kika daɗe kina kallo."

"Rubutuna fa ba kyau."

"Wannan aikina ne. Ke dai ki gama shi."

Wanda na daɗe ina kallo. Na zauna in rubuta shi, sai Mai Tabarau ta yi ta fitowa. Yadda take tura tabarau da ɗan yatsa. Yadda take jan sunansa kamar ita ta raɗa masa. Kafin in kai ƙarshen shafin farko na sa babbar mota ta bi ta kanta. Wallahi sai na ji sanyi a raina.

Da na kai masa takardun na tarar ya fita sayo tawada. Ita ce zaune a kujerarsa.

"Kawo in gani, ƙanwata."

Ta fizge kafin in janye. Tana cikin karantawa da ƙarfi ya shigo.

"Zo ka ji marubuciyarka. Babu aya, babu waƙafi, kamar mai gudun kare..." Ta ci gaba tana dariya. Can dariyar ta tsaya. "Tsaya. Wace ce wannan mai tabarau da mota ta take?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Ni kika kashe?"

"Labari ne..." na ce, da ƙyar.

"To ki koma kan gugarki. Kowa da inda Allah ya ajiye shi."

Ya miƙa hannu ya karɓe takardun. "A shagon nan ba a yi wa rubutun farko dariya," ya ce. Ban tsaya jin sauran ba.

Da yamma sai ga shi da riga guda, wadda ni na goge ta da hannuna, ko karin gugar bai baje ba. Ya ajiye takardun a kan teburina, duk sun yi ja.

"Na karanta."

Na ci gaba da guga.

"Mai tabarau ɗin tana da rai, kamar ta yi tsalle ta fito. Amma kin kashe ta tun a shafin farko, labarin kuma ya mutu tare da ita. Ba a cin nasara da babbar mota, Shiru-shiru."

"To da me?"

"Yarinyar da kika ajiye a bakin taga tana kallonsu. Har labarin ya ƙare ba ta ce uffan ba. Me take so?"

"Ai ka sani."

"Mai karatu ba boka ba ne."

"Ita waccan tana shan ruwa da kofinsa," na ce. "Tana shiga gidansu. Ta yi karatu."

"Kofi dai ana wanke shi. Mahaifiyata kuwa na faɗa mata ba magani zan aura ba. Ta yi fushi, za ta huce." Ya matso. "Ban ji amsata ba. Me yarinyar take so?"

Na ɗaga dutsen gugar na jingine shi. Karon farko ke nan da na dubi idonsa.

"Kai take so. Kuma ba ta son kowa a kujerar da ke gefenka."

Ya yi murmushi a hankali. "To ki faɗa wa Yaya ina nan tafe da manyana, masoyiyata. Kujerar kuwa ki zo ki ɗauke abinki."

Washegari da safe na faɗa wa Yayata tana tsaka da shara. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallona, ta ce, "Ke ɗin?" Na ce ni ɗin. Sannan na zauna na sake shafin farko. Na tashi Mai Tabarau daga ƙarƙashin motar, ko ƙwarzane babu, na karkaɗe mata riga, na mayar mata da tabaranta.

Amma na sa an yi mata canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa.