Ƙofar Sama ta Shingen Uwa'u

Da la'asar sakaliya Hiwalani ta koma saman dutsen Haleakala da sabon kwaɗon kulle ƙofa a aljihunta. Ita ke kula da shingen wayar da ya kewaye ramukan uwa'u, tsuntsayen da ke kiwo a teku su dawo dutse su ciyar da 'ya'yansu a ƙarƙashin ƙasa. Bana 'ya'ya goma sha ɗaya suka rage. Muzurun daji ya cinye shida, kuma ta gano ta inda yake shiga. Kawu Palakiko, tsohon da ke ɗana wa muzurai tarkuna, shi ke barin ƙofar sama a buɗe duk daren da wata ya ɓuya.

Da ta tsare shi bai musa ba. Ya ce shingen ya datse tsohuwar hanyar mayaƙan dā, su kuwa matattu ba su san zagaye ba.

"Kawu, ai muzuru ma bai san zagaye ba," ta ce.

"To, 'yar boko. In kin ji ganga, ki kifa fuskarki a ƙasa. Kada ki ɗago."

Yau ma daren ɓuyan wata ne. Rana na faɗuwa ta datse ƙofar da kwaɗon. Gajimare ya hauro daga kwarin dutsen, ya rufe hanya. Tsuntsayen da suka fara dawowa da kukansu suka yi tsit lokaci guda.

Ƙauri ne ya fara isowa, irin na acibalbal. Sai ganga, ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin dutsen ake kaɗa ta.

Ta kifa. Tsakuwa na sukar kuncinta.

Takun ƙafafu marasa takalmi, masu yawa. Suka iso ƙofar, suka tsaya.

Wayar shingen ta soma ƙara, ana tura ta. Turaku suka soma ba da kai. In shingen ya faɗi, sai an yi wata uku kafin a tsayar da shi, kuma babu ɗan tsuntsun da zai kai ranar tashi.

Ta ja ciki, idonta a rufe. Ta lalubi kwaɗon. Mabuɗin ya kuɓuce, ta laluba ta samo shi.

Wani ya sunkuyo a kanta. Numfashinsa ya taɓa ƙeyarta, sanyi ƙalau.

"'Yar gidan wa?" aka raɗa.

Ta ambaci sunan kakarta, da na kakar kakarta. Ta murɗa mabuɗin.

Suka wuce ta gefenta ɗaya bayan ɗaya, bakin rigunansu na gashin tsuntsu yana shafar hannunta. Sai da gangar ta ɓace ta miƙe, ta gangara ba waiwaye, ƙofar a wangale.

Da safe aka ƙirga 'ya'yan tsuntsayen, goma sha ɗaya cif. Muzurun na kwance a bakin ƙofar, ba rauni ko ɗaya a jikinsa, fuskarsa na kallon sama.

Wannan makon Hiwalani ta rubuta takardar neman a matsar da shingen taku arba'in gabas. A gurbin dalili ta rubuta: zaizayar ƙasa. Hannunta na dama kuwa har yau bai ɗumama ba, ko ta riƙe kofin shayi.