Binciken Mutumin da Ba Shi da Ƙofa

Ni na fara gani. Kafin ubanta, kafin ƙawayenta, wallahi kafin ita kanta Raliatou ta san abin da ke damunta, ni Illo na gani. Ban yi lekwal ba, ban san boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubuta mini. Amma idon da ya ratsa hamadar Ténéré a bayan mota, ya sha hayaƙin uzin, masana'antar nan ta Saint-Fons, har gemu ya yi fari, ba yara biyu ne za su ɓoye mishi abu ba.

Lokacin zafi ne. Jikata Raliatou ta gama karatun itatuwa da furanni, ta samu aikin sezon, na 'yan watanni, a babban filin shaƙatawa mai tabki da ke bayan Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon. Na hau bis na je ganin matata, don haka nake kiranta tun tana cikin zanen goyo. Na tarar tana aske wata 'yar bishiya. Wani dogon yaro ya miƙo mata almakashi, ta miƙa hannu ba ta dubi almakashin ba, shi ma bai dubi hannun ba. Almakashi ya faɗi cikin ciyawa, babu wanda ya sunkuya.

Na ce, "To! An yi mini ƙwace da rana tsaka."

"Kai Kaka! Moctar ne fa, tare muke aiki..."

"Ai na ga aikin."

Moctar ɗan Damagaram ne. Inda sezon ya buɗe can yake. Da zafi yana Lyon yana kula da kwalekwale da bakin tabki, ganye ya fara zuba ya koma Paris kwasar ganye da sare rassa. Dukiyarshi wata tsohuwar farar mota kamiyonet, da tantuna, da keke. Da sezon ɗin Lyon ya ƙare, ita ma Raliatou ta samu wani a Paris, ta sauka wurin goggonta. Daga can Moctar ya aiko dattawa neman aurenta.

Ubanta ɗan farina ne, don haka bakina bai taɓa kiran sunanshi ba, Alhaji nake ce mishi kamar kowa. Yana da butik ɗin atamfa da turare a cikin Lyon. Ranar da na shiga butik ɗin na same shi yana huci.

"Baba, ina za mu je bincike? Wane maƙwabci za mu tambaya? Wane liman ya san shi? Mutum ba shi da ko ƙofar da za a ƙwanƙwasa!"

"Ka zauna tukuna, Alhaji."

"Babu zama! Ka je Paris ka ɗauko mini ita a jirgi, ta zo ta riƙe butik. In ta bi shi, ta bi shi babu albarkata."

Na je Paris. Na same su a dajin Vincennes, ranar ƙarshe ta aikinsu, suna tsaye bakin ruwa kamar waɗanda aka yi wa rasuwa. Na raɓe bayan wata bishiya. Kunnena har yau yana jin tafiyar tururuwa.

"Rali, sanyin idona, ki ce in bar aikin nan in shiga uzin. Gobe-gobe zan shiga."

"Ka mutu cikin bango huɗu? Na san ka, Moctar. Wata ɗaya za ka daina dariya."

"To mu yi yaya?"

"Ban sani ba! Ni dai ba zan shiga ɗakin aure Papa ya juya mini baya ba... Tun da Mama ta rasu ni kaɗai gare shi."

"Ke nan kin bar ni."

"Ban bar ka ba! Wallahi ban bar ka ba..." Sai kuka.

Na fito na yi gyaran murya. "Kai ɓarawon mata! Da wace hanya kake komawa Lyon?"

Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce shi a al'adarshi ba ya bin babbar hanya. Tsakanin aiki da aiki yakan bi ƙauyuka da daji a hankali, yana kafa tanti, yana hawan tudu. Abu ɗaya ne dole, ranar Litinin da safe ya kasance bakin tabki, don in aka buɗe sezon ba ka nan, akwai mutane a layi suna jiran gurbinka.

Na ce, "Mu a wurinmu ba a ba da 'ya sai an yi bincike, ba a kuma hana ta sai an yi. Tunda hanya ce gidanka, hanyar zan bincika. Matata, ɗauko kayanki."

"Kaka, Papa ya ce jirgi..."

"Ni na haifi Papa."

Haka muka kama hanya, ni a gaba, ita a tsakiya da jakarta a cinya, shi yana tuƙi. Babu mai natsuwa cikinmu. Portabul ɗinta, wayar hannu, na ta ƙara, Alhaji ne, tana dubawa tana kifewa. Shi kuwa duk allon da ya nuna Lyon ta matso sai ya rage gudu. Na gane dukansu suna ganin wannan ce tafiyarsu ta ƙarshe.

Ni dai aikina nake. Na duba yadda yake kafa tanti: nawa da na Raliatou ya kafa kusa da juna, nashi ya kai can nesa bayan mota, ba tare da na ce uffan ba. Na duba alwalarshi a rafin da ruwanshi ke yanka hannu kamar wuƙa, bai tsallake gwiwar hannu ba. Na duba shayinshi. To, nan kam ya faɗi, ruwan zafi ne da sukari, sai da na karɓi butar na nuna mishi yadda maza ke yi.

A bakin wani kanal, kogin da aka haƙa, ya ari kwalekwale ya ce mu shiga. Raliatou ta ce, "Kaka ba zai iya ba." Ni? Na karɓi filafili na tuƙa su sai da kafaɗar yaron ta yi sanyi don kunya. Gaskiya ne mun ɗan shiga cikin ciyawar gefe, amma iska ce. Ranar ce kaɗai na ji dariyar jikata, har da riƙe ciki.

Gaba kaɗan muka tsaya gonar wata tsohuwar Bafaransa mai fararen shanu. Tana hango motar ta fito da sanda tana ihu, "Moctar! Moctar!" kamar ɗanta ya dawo daga yaƙi. Kafin a ba mu ruwa ya ɗauki guduma ya nufi shingenta. Na sa Raliatou ta tambayar mini ita halinshi, kamar yadda ake tambayar maƙwabci. Tsohuwa ta ce duk wucewa sai ya gyara mata abin da sanyi ya karya, ƙwai kaɗai yake karɓa, shi ma sai ta yi faɗa. Na ce a raina, maƙwabciya ɗaya ke nan.

Ranar Lahadi muna cikin tuddan Morvan, daji ne baƙi ƙirin da itatuwa. Moctar ya ce akwai wani tudu da yake hawa duk shekara, daga samanshi ana ganin tabkuna. Ya so ya nuna wa Raliatou kafin su rabu. Ya ce, "Baba, ku huta a mota."

"In bar ka ka hau dutse da matata? Wuce mu je!"

Mun yi nisa sosai, mun kusa kai, sai sama ta rufe. Ruwa ya sauko mai sanyi, hazo ya sha gabanmu, ba ka ganin tafin hannunka. Nan ƙirjina ya tuna da uzin. Masu cewa na suma ƙarya suke, zama na yi, sai dai numfashi ya ƙi shiga ya ƙi fita. Ina jin Raliatou tana jijjiga ni.

"Kaka! Kaka, ka dube ni! Moctar, babu rezo, portabul ba ta shiga!"

"Riƙe jakar. Cire mayafinki ki ba ni."

"Me za ka yi?"

"Goya shi zan yi."

Na so in ce ba a goya Illo, bakina ya ƙi. Ya tuɓe rigar ruwanshi ya rufa mini, ya ɗora ni a baya, ta ɗaure mu da mayafinta tamau kamar jariri. Ya fara sauka cikin laka. Ya zame ya dafa ƙasa da gwiwa, ya tashi. Ya sake zamewa, dutse ya tsaga mishi ƙauri, ina ganin jini na bin ruwa, bai sauke ni ba. Sai magana yake mini kada in yi barci.

"Baba, ku ba ni labarin Ténéré. Ƙishirwa ta fi ko wannan ruwan?"

"Ƙi... shirwa..."

"Yawwa! To ku da kuka ci ƙishirwa, ɗan ruwan nan ne zai kayar da ku? In kun tafi wa zai koya mini shayi?"

Raliatou na gefe tana riƙe da ƙafata tana kuka tana salati.

Na farka a gadon likita, asibitin wani ƙaramin gari, da roba a hanci. Rana ta fito tarwai. Moctar na zaune bakin gado, ƙafa a naɗe, laka ta bushe a wandonshi. Na tambayi wace rana ce. Raliatou ta sunkuyar da kai.

"Litinin, Kaka."

"Kai! Me kake yi nan? Aikin fa?"

Ya yi murmushi. "Sun kira. An ba wani."

Raliatou ta ce, "Tun jiya nake roƙonshi ya tafi, ni zan zauna. Ya ƙi! Yanzu babu gida, babu aiki... me za mu ce wa Papa?"

Ya ce, "Rali, in na bar shi a gadon nan na tafi neman aiki, da wane ido zan dube ki?"

Sai ƙofa ta buɗe. Alhaji ne, ashe Raliatou ta kira shi, ko hula babu. Ya faɗo kaina yana taɓa fuskata, da ya tabbatar ina da rai sai ya juya kan yaron.

"Kai ne! Kai ka kai mini uba daji zai mutu! Ka ga abin da nake faɗa? Mutumin da ba shi da wurin zama, haka yake jan kowa cikin yawo! Raliatou, shiga mota!"

Ta miƙe. Ta dubi Moctar, ta dubi ubanta, ta ɗauki jakarta. "To, Papa..." Hawaye kawai ke zuba. Wallahi da ta tafi ke nan.

Na cire robar hancina.

"Abdourahamane!"

Sunan Alhaji ke nan. Tun ranar da aka raɗa mishi sunan nan bai taɓa jin shi a bakina ba. Ya juyo kamar wanda aka mara.

Na ce, "Ka ce babu inda za a yi bincike. Na yi, zauna ka ji. Na ga sallarshi. Na ga inda yake kafa tantinshi in akwai 'yar mutane. Na ji bakin maƙwabciyarshi. Tudun kuwa ni na ce sai na hau, kuma gobe ma sai in hau."

"Baba, amma gida..."

"Na ga gidan! A kanshi na sauko daga dutse. Bayanshi ne, kuma ya ɗauke ni bai karye ba. Kai ɗan wa ne? Ba ɗan ɗan ci-rani ba ne? Ranar da aka ba ni uwarka a Tahoua me gare ni in ban da tabarma da salka? Rani ina kudu, damina ina gona. Shekarar yunwa a bayan nan nawa ka bar ƙauye, ɗaure da zanen uwarka. Lokacin wace ƙofa gare ni? Ko ka fi son mai ƙofa da zai bar ubanka a gado ya tafi kama aiki?"

Alhaji ya zauna bakin gado. Ya daɗe yana kallon ƙafar yaron, da mayafin 'yarshi da ke rataye jikin kujera duk laka. Sai kafaɗunshi suka fara rawa.

Raliatou ta durƙusa ta riƙe gwiwarshi. "Papa, in ka ce a'a, a'a ce. Amma ina sonshi... ina sonshi, Papa."

Ya dafa kanta. Ya ce, "Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya yi muku albarka."

Na ce, "To ni ma na sake ki, matata. Ki je, ya fi ni ƙafa. Shayi dai kada ki sha nashi."

Tana dariya tana kuka ta rungume ni har na ce za ta ƙarasa abin da dutse ya fara.

An ɗaura aure a Vénissieux. Ba a jima ba su biyun suka samu sezon a wani daji cikin tsaunukan kudu. Ranar da suke loda kamiyonet, Alhaji ya zo ya karɓi makullin motar daga hannun Moctar, ya zura wani makulli a jikinshi, ya mayar mishi.

"Na gidana ne. Duk inda sezon ya ƙare, ga ƙofarka."

Yanzu na ji wasu a masallaci suna cewa Illo ƙari yake, wai tudun ba wani tudu ba ne, wai tsoho ba shi da nauyi. Madalla! Ina nan Minguettes, can saman bene, kowa ya san ƙofata. Duk mai shakka ya zo ranar da asansar, na'urar hawa bene, ta lalace, ya zo da mayafin matarshi, ya goye ni tun daga ƙasa. In ya kai ni sama bai sauke ba, ni da kaina zan dafa mishi shayi in ce ƙarya na yi!