Kantar da Ta Ƙi Bin Taga

Baba Magini bai taɓa yin aikin da ya karkace ba a tsawon rayuwarsa. Shi ya faɗa, kuma tun da bai taɓa yarda a auna ba, maganar ta tsaya a haka.

Shi ya gina gidan da suke ciki, da hannunsa da idonsa. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta ji tarihin kowane bulo har ta haddace. Abin da ba ta ji ba, shekara biyu ke nan, shi ne amsar Baba kan Kafinta, saurayin da take so. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. "Ana dubawa," in ji shi, kamar takarda a ofis.

Da yayanta ya aiko da ƙatuwar talabijin da dikoda da sifiku biyu, sai Baba ya ce a kira yaron nan ya kafa musu kantar ɗora su a falo. Kowa ya san jarrabawa ce.

Kafinta ya zo da katako mai kauri da ƙarafa uku na tallafi. Ya ƙwanƙwasa bango yana saurare, ya kauce wa inda bulo ke da rami, ya huda, ya ɗaure noti. Ya ɗora ma'auninsa mai ɗigon ruwa a ciki, ya dubi taga, ya sake duban ma'aunin. Sannan ya ƙarasa, har ya rataya jikinsa a kantar. Ko motsi ba ta yi ba.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta fara karkata kai.

"Yaya, idona ne, ko abin nan ya sha ƙwaya?"

Lallai kuwa. In ka haɗa kantar da gindin tagar da ke gefenta, hannun dama ya ɗaga da kusan yatsa biyu.

"Kai, yaro," in ji Baba, "wanda katako ɗaya ya gagara miƙewa, shi zan ba 'ya ya miƙe gida?"

"A yi haƙuri, Baba," in ji Kafinta. Ya kwashe kayansa.

Auta ta cim masa a ƙofa.

"Haba! Ka yi magana mana! Wallahi na gaji — na gaji da kare ka, kai kuma kana tsaye kamar fol ɗin waya! Kuskure ka yi?"

"Ban yi ba."

"To mene ne?"

"Ba a bakina za a ji ba, Auta."

"Oke. Sai ka auri shirun naka."

Kwana uku tana kuka, irin kukan gajiya da ba shi da ko sauti. Gwaggo kuwa ta samu aikin yi: duk wanda ya shigo sai ta kai shi falo ya ga abin da ta kira "sadakin Auta".

Rana ta huɗu Baba ya sa aka kira Kafinta.

"Dama ta ƙarshe. Cire kantar, ka daidaita ta da taga. In ta miƙe, mu yi magana."

Auta, daga bakin labule, ta roƙe shi da ido. Noti shida ne kawai tsakaninta da aure.

Kafinta ya durƙusa. "Baba, cirewa zan iya. Amma in na bi taga, sifika za ta riƙa zamewa, wata rana ta sauko kan mutum. Jikoki na wasa a wurin nan."

"Wato tagata ce—"

"Ban ce ba, Baba."

"To me ka ce?"

Kafinta ya sunkuyar da kai.

Umma, mahaifiyar Auta, wadda ba ta sa baki a maganar maza sai ta ga za a yi ɓarna, ta ajiye tsintsiya. Ta ɗauko kwalbar man shafawa, ta kwantar da ita a kan kantar. Kwalba ta zauna kamar an haife ta a wurin. Ta ɗauke ta, ta kwantar a gindin taga. Kwalba ta kama hanya, ba gaggawa, ta gangara dama, ta faɗo, ta ci gaba a kan siminti har ta tsaya a ƙafar Baba.

"Shekara talatin da ɗaya nake goge ɗakin nan, Malam," in ji Umma. "Ban taɓa kora ruwa ba. Da kansa yake zuwa lungun can."

Gwaggo ta tuna ta bar tukunya a wuta, ko da yake a gidanta tukunyar take.

Baba ya daɗe yana kallon kwalbar. Sannan ya dubi Kafinta.

"Tun ranar ka sani?"

"Tun kafin in huda, Baba."

"Aka yi ta yi maka dariya, ka ƙi faɗa?"

"Gidanka ne. Gara a yi da ni."

Auta ta fashe da kuka, wannan karon mai sauti.

"To ya isa, ke kuma!" in ji Baba, yana share ido da cewa ƙura ce. "Ka ce wa manyanka su zo."

Masu son darasi ga shi: namijin da ya ƙi lalata aikinsa don a ba shi mata, ya kuma ƙi kunyata uban matar don ya wanke kansa, a ba shi, ya isa miji. Haƙuri yana biya, ko da yake ba ya sauri, kuma wani lokaci sai Umma ta tura shi.

Baba dai ya bayyana wa maƙwabta cewa ƙasa ce ta motsa. Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Tagar kuma aka saya mata labule mai kauri, har ƙasa.