Ranar da Catello Ya Zaga da Aljana Gidansa

Rana ta riga ta faɗa bayan teku sa'ad da Catello ya ajiye motarsa a ƙofar gida, a layin nan namu mai hawa da ke bayan kasuwar kifi ta Castellammare. Maraice ne irin na kullum. Mata na janye shanya daga igiyoyin da suka ratsa titi, ƙamshin tafarnuwa na fita ta kowace taga, dutsen Vesuvio ya yi baƙi ƙirin yana kallonmu kamar yadda ya saba.

Sana'ar Catello yawo da baƙi. Ba irin masu ɗaga tuta da garken mutane a bayansu ba, shi iyali ɗaya yake ɗauka a yini. Da safe ya kai su kangon Pompei, da rana ya bi da su hanyar bakin teku su ci kifi a Positano, su sha iska a Amalfi, ya maido su masauki. Bakinsa kuwa zuma. Sai ya tsaya gaban fasasshen bango ya yi ta zuba har matar wani ta share hawaye. A gida kuwa, in ka ji muryarsa, to labarin baƙinsa yake yi.

Matarsa Nunzia ta zuba taliya, 'yarsu Titina mai shekara goma sha biyar ta jera faranti. Su uku ne, kujeru huɗu. Ta huɗun ta Imbiriyana ce, aljanar gida, wadda kowane tsohon gida a garin nan yake da tasa. Ana gaishe ta in an shigo, ana bar mata wurin zama, kuma kowa ya san ba a kushe gida a cikin gida, ba a zancen tashi daga cikinsa. Mai irin wannan magana ya sauka titi ya yi ta can.

Catello ya jefa jakarsa kan kujerar, ya zauna.

"Yau na ga yarinya," ya ce, bakinsa cike. "'Yar wasu mutanen Kanada, sa'ar Titina. Kai, ƙwaƙwalwa! Tambaya kan tambaya. Na kai ta gidan nan na kangon Pompei mai lambu a tsakiya, ta riƙe hannuna ta ce ina ma nan ne gidansu. Na ce ai ni ma haka." Ya ɗaga kai ya dubi rufin kicin inda damshi ya yi zane. "Gidan da ya mutu shekara dubu biyu ya fi wannan akurkin. Bari kakar bana ta yi kyau, Positano za mu koma."

Ludayi ya kuɓuce daga hannun Nunzia.

"Catè! Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Ɗauke jakar nan ka ba ta haƙuri."

"In ba kujera haƙuri? Haba Nunzia, ni da manyan masana ke saurara."

Titina ta sunkuyar da kai tana juya taliyarta, ba ta kai ko loma ɗaya baki ba.

Suna nan zaune shiru ya sauka a layin, irin shirun da ko kare ba ya haushi a cikinsa. Sai ƙwas, a kan rufin mota. Can kuma wani ƙwas. Catello ya leƙa ta baranda yana shirin zagin yaran maƙwabta, bai ga kowa ba. Duwatsu dai na sauka ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Ya sauka ya tsinci ɗaya. Ɗan dutse ne mai launin toka, mara nauyi, mai ƙananan huda, irin wanda Vesuvio ya yi amansa ya binne Pompei. Motoci cike da layin, amma tasa kaɗai ake jifa.

Haka aka ɗora. Kowace magariba jifa, kuma ba a tsaya kan mota ba, aka shigo ciki. Dutse ya faɗa a kofinsa, dutse a takalminsa, ƙofa da taga duk a rufe. Sannan murya ta biyo baya. Nunzia ce ta fara jin ta a kan matakala, lokacin Catello yana can Amalfi da wasu Jamusawa. Muryarsa ce sak, da ɗan zaƙin nan da yake sa wa baƙi: "Ku biyo ni. Ku dubi nan. Kun taɓa ganin kyau irin wannan?" Sai a yi dariya ƙasa ƙasa, dariyar tsohuwa. Nunzia ta yi alamar gicciye, ta zuba gishiri a bakin ƙofa, ta ba kujera haƙuri har muryarta ta dishe. Amma ba ita ta yi laifin ba, kuma aljana ta san haka.

Wata magariba suka sami Titina zaune a kan kujera ta huɗu. Bayanta a miƙe, hannuwanta a kan gwiwa, idanunta a buɗe ba ƙiftawa. Tun daga ranar ta daina ci. Da Catello ya tada mota da safe sai jikinta ya sandare kamar itace, ba ya saki sai ta ji ya dawo. Likita ya zo, ya auna nan ya auna can, ya ce bai ga komai ba. Yarinya kuwa tana ramewa a kan idon kowa, har ƙashin wuyanta ya fito.

Ni dai ban yafe wa Catello kwanakin nan ba. Kakar baƙi ce, ya ce ba zai saɓa alkawari ba, ya ci gaba da fita. Sai ranar da ya dawo ya tarar leɓunanta sun yi fari, Nunzia ta tare shi a ƙofa.

"In yarinyar nan ta mutu, ka kai baƙinka kabarinta ka yi musu bayani. Ai ka fi iya matattu."

A maraicen ya hau tudu ya ɗauko Fada Liborio. Tsohon limamin coci ne da ya ajiye aiki, mutum mai karatu, ya yi shekara da shekaru yana fama da irin waɗannan abubuwa ba tare da hayaniya ba. Da ya shigo sai ya cire hula ya gaida gida kafin ya gaida masu gida. Ya kunna kyandir, ya yayyafa ruwan albarka, ya ja kujera ya zauna gaban yarinyar yana addu'a a hankali. Ya daɗe yana yi. Duhu ya cika kicin, harshen kyandir ya kwanta gefe ɗaya alhali babu iska.

"Wa ke nan?" ya tambaya.

Bakin Titina ya buɗe, muryar da ta fito ta tsufa ƙwarai.

"Ka san ni, Liborio. Na girmi cocinka."

"Na san ki. Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi ba. Shi ne." Idanun suka juya kan Catello. "A hannuna aka haife shi. Da ƙasa ta girgiza yana yaro, gidajen layin nan suka zube, ni na riƙe bangon nan da bayana. Yau ni ce akurki. Kullum sai ya wanke jiki ya sa turare ya tafi gidajen matattu, ya yabi murhunsu, ya yabi tukwanensu, har makewayinsu yake yabo. Ni kuwa ya shigo mini da ƙurarsu a ƙafa, ko sannu."

"To me kike so?"

"Yarinyar. Tunda ba ya kallon ta, ba zai ji rashinta ba."

Nunzia ta ƙwalla ƙara. Fada Liborio ya ɗaga mata hannu.

"Wannan kam ba za ki samu ba, ba taki ba ce. Faɗi wani."

"Ya ƙone motar."

"Su ci me? Ke mai gida ce, kin san tukunya ba ta tafasa da fushi. Sauko."

Numfashin yarinyar na fita da ƙyar.

"Yini ɗaya," muryar ta ce. "Irin wanda yake sayar wa baƙi. Ni kaɗai. Ya riƙe hannuna ya zaga da ni gidan nan, ɗaki ɗaki, ya gaya mini abin da ke ciki. Ban da haddar da yake yi musu, ban da ƙarya. In ya yi ƙarya ɗaya, na tafi da ita."

"In rana ta faɗi ki sake ta."

"Na yarda."

Da gari ya waye Catello ya sa farar rigarsa ta aiki, ya kashe waya, ya bar wasu Amurkawa suna jiransa a masauki. Ya kama hannun 'yarsa, sanyi ƙalau, ba nauyi. Fada Liborio na biye da su da sandarsa, Nunzia na bayansa.

Wayyo, abin tausayi! Mutumin da ke magana da harsuna huɗu ya tsaya a ƙofar gidansa yana in'ina. Ya ce ƙofa ce, ta katako. Muryar ta yi tsaki. Sai ya dubi ƙofar da kyau, wataƙila karon farko tun yana saurayi, ya ga inda ubansa ya ɗaure ta da ƙarfen jirgin ruwa da ya kawo daga wurin aiki. Ya faɗi haka. Ya nuna matakalar da ta lotsa a tsakiya saboda sawun kakanninsa. Ya nuna tsagar bango ta shekarar girgiza, ya tuna yadda uwarsa ta tura shi ƙarƙashin tebur ta kwanta a kansa. A hankali bakinsa ya sake, amma ba da muryar baƙi ba, da wata murya mai rawa da ko Nunzia ba ta san shi da ita ba.

Rana na tsaka suka iso kicin. Ya tsaya ƙarƙashin damshin nan na rufi, ya ce daga tankin da kakansa ya gina yake, kuma laifinsa ne da bai gyara ba. Ya dafa kujera ta huɗu.

"Ki yafe mini. Ni ne na yi butulci, ba gidan ne ya gaza ba."

Jikin Titina ya yi wata girgiza, ta yi tangaɗi har sai da ya tare ta. Labulen taga ya kumbura ya koma. Ta ɗago kai, ta ce da murya a dishe, "Saura sama."

Ɗakinta ne a sama, ƙarami, mai taga ɗaya da ke kallon teku. Nan fa aka yi ta.

"Wa ke kwana a nan?" muryar ta tambaya.

"'Yata, Titina."

"Me take so ta zama?"

Catello ya buɗe baki ya rufe. Ƙarya na nan a kan harshensa, mai daɗi, irin wadda ya iya. Ya haɗiye ta.

"Ban sani ba."

"Wace ce ƙawarta?"

"Ban sani ba."

"Ka san abin da mai gashin burodin Pompei ya ci ranar da ya mutu. Ka san sunan karen 'yar Kanada. Ita wannan ta taɓa shiga motarka?"

"Ba ta taɓa ba."

"Ta je kangon da 'yan makarantarsu bara. Ta hango ka, ka durƙusa kana ɗaure wa 'yar wasu igiyar takalmi. Ta kira ka har sau biyu, a gaban ƙawayenta. Ka juyo?"

Catello ya zauna a bakin gado. Bai kare kansa ba. Ya ce bai san komai a ɗakin nan ba, in an yarda a nuna masa. Sai hannun da ke cikin nasa ya ja shi zuwa taga. Mai yawo da baƙi ya koma baƙo. Aka nuna masa jiragen ruwan da ake ƙerawa a tashar da ke can ƙasa, aka gaya masa sunan kowanne, aka ce mai ɗakin tana son ta koyi zana su. Aka nuna masa inda take tsayawa ta hangi fitilar motarsa tana gangarowa, da yadda take gane irin baƙin da ya samu daga yadda ya rufe ƙofar mota. Yana ji yana kuka kamar yaro, har inuwa ta cinye ɗakin.

Da rana ta nutse, Titina ta yi ajiyar zuciya, ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Can ta ce da muryarta ta kullum, "Mama, yunwa nake ji." Nunzia ta sauka matakala tana kuka tana kiran sunan Budurwa Maryamu. Ba a yi jifa a magaribar nan ba, ba a kuma sake yi ba.

Catello ya raka Fada Liborio har titi, ya kama hannunsa zai sumbata.

"Fada, ta cika alkawari. Rana na faɗuwa ta tafi."

Tsohon ya gyara hularsa, ya dube shi ta saman tabarau.

"Wa? Imbiriyana? Ai ita tun tsakar rana ta sake ta, a kicin, da ka ba ta haƙuri. Haƙurin kawai take jira."

"To wadda muka hau sama da ita fa?"

"Ɗana, ni aljanu na sani, 'yarka kuwa kai za ka tambaya," in ji Fada Liborio, ya kama hanyar tudu yana dogara sandarsa.

Catello ya tsaya a tsakiyar layi. Ta tagar kicin yana jin ƙarar cokali a faranti, Titina na cin abinci. Duk kwanakin jifan nan bai taɓa jin tsoron hawa benen gidansa ba sai a wannan maraicen. Ya goge fuska da hannun riga, ya gaida gida a ƙofa, ya fara hawa.