Da An Faɗa Mini Da Na Zo

Wai wa ya fi laifi, wanda ya ɓoye maka mummunan labari don an roƙe shi ya ɓoye, ko wanda ya roƙe shin? Na daɗe ina juya tambayar nan a raina, har yau ban samo mata amsa ba. Amma ranar da Allura ta shigo shagona ta dire almakashinta a kan tebur, ji nake duk duniya babu wanda ya kai ni sanin amsar.

"Wasa mini shi, ya daina ci," ta ce. "Sannan ka mayar da Mai Aski cikin zaure."

"Ba zan mayar ba. Ya san doka."

"Kalma ɗaya fa ya faɗa!"

"Kalma ɗayar ce ta ɓata wa jama'a kallo."

Ta harare ni. "Alƙali ke nan... ba sani ba sabo!"

Sana'ata gyaran keken ɗinki ce da wasa almakashi. Ban yi nisa a makaranta ba, sai dai duk takardar da ta faɗo hannuna sai na karance ta. Ni na buɗe mana zaure a waya, mu masu bin wani shirin zane na Japanawa, na samurai, mayaƙan nan masu takobi. Duk Asabar ake sakin sabon kashi, mu kuma mu wuni muna musu. Doka ɗaya na kafa: wanda ya riga kallo kada ya faɗa wa 'yan baya abin da ya faru. Ka faɗa, in cire ka. Shi ya sa suke kirana Alƙali.

A zauren nan na san Allura. Tela ce, kuma sunan ya bi ta, don maganarta siririya ce amma tana huda. Mun daɗe muna faɗa a rubuce kafin ta kawo mini kan kekenta gyara, ta ji ina yi wa wani bayanin takobi, ta tuntsire da dariya ta ce, "Wallahi kai ne Alƙali!" Tun daga ranar kekenta bai sake yin lafiya ba. Kullum da abin da ya kwance.

A lokacin zauren ya rabu biyu. Jarumin shirin, wanda muke kira Dogo, an ba shi tsaron wata gada, shi kaɗai tsakanin abokan gaba da ƙauyensu. Malaminsa da ya raine shi yana can kan dutse yana jinyar ajali. Tsohon ya roƙi Gurgu, aminin Dogo, kada ya faɗa masa sai an gama yaƙi. Kullum Gurgu zai ɗingiso ya kawo wa Dogo abinci, Dogo ya tambayi malam, Gurgu ya ce yana gaishe ka. Da malamin ya rasu gaskiya ta fito, Dogo ya juya wa Gurgu baya ya tafi. Saura kashi ɗaya shirin ya ƙare.

"Gurgu bai yi laifi ba," in ji Allura, ta zauna a kan benci. "Amana aka ba shi."

"Amanar wa? Ya riƙe ta mai mutuwa, ya ci ta mai rai!"

"Da ya faɗa, da Dogo ya bar gadar, da an ƙone ƙauyen."

"Sai a bar shi ya zaɓa! Wa ya naɗa Gurgu ya zaɓa masa?"

"Ka lura da hannunsa lokacin da yake miƙa ƙunshin abincin? Rawa yake yi. Kowa ya gani ban da kai."

Na kunna dutsen washi don kada in amsa. Tartsatsi ya tashi. Ta jira har na kashe.

"Baba ya sake tambayata," ta ce a hankali. "Ya ce ya yaba da hankalinka, amma yana son ganin babba daga gidanku. Ya ce mutum ba ya faɗowa daga sama."

"Zan kawo maigidan da ya koya mini aiki."

"Ya san kana da wa, masoyi. Ni na faɗa masa."

"Mutumin nan ba wana ba ne."

"Uwa ɗaya uba ɗaya fa..."

"Na faɗa miki! Ƙafata ba za ta taka inda yake ba, bakina kuma ba zai sake ce masa Yaya ba!"

Ta san labarin. Ina wani gari ina koyon aiki, saura ƙiris a yaye ni, Mama ta kwanta ciwo. Duk sa'ad da na kira, wana zai ce tana barci, ko ta shiga maƙwabta, tana gaishe ka. Ita ta hana shi faɗa, wai kada in bar koyon aikina. Na dawo na tarar an binne ta. A ƙofar gida ya tare ni, ya ce ta bar mini saƙo a wurinsa. Na ce ya riƙe abinsa, tunda ya iya riƙo. Ban sake kallon fuskarsa ba.

Allura ta murza bakin mayafinta. Can ta ɗago.

"Abin da ke ba ni mamaki, kai ne mai korar mutum don ya faɗi abin da ba a shirya ji ba. Kai ne kuma ka kori ɗan'uwanka don ya yi shiru. To wanne ake so?"

Na daka mata tsawa.

"Mutuwar uwata kike haɗawa da zane?!"

"Ba haka nake nufi ba..."

"Mama ce fa! Ba kashi na gaba ba ce da za a ce in jira Asabar!"

Idonta ya cika da hawaye. Ta miƙe.

"Na yi kuskure, ka yafe mini. Amma kai ma ka sani, ba Gurgu kake zagi a zaure ba. Ina son ka har cikin raina, sai dai ba zan shiga gidan da ake gaba ba. Wata rana ni ma zan yi maka laifi. Haka za ka rufe mini ƙofa?"

Ta fita, ta bar almakashin.

Kwanakin da suka biyo baya ban san inda zan sa kaina ba. In kwance keke in rasa inda na ajiye kusa. In ɗauki waya in ajiye. A zaure ana ta cacar baki. Wata ta ce Gurgu ne gwarzon shirin, Dogo tsayi kawai gare shi. Wani ya ce tsohon malamin ne mai son kai, ya mutu ya bar wa yara rigima. Wani kuma ya ce shi duk ba ruwansa, a dai zare takubba ranar Asabar, surutun ya isa. Allura ba ta ce uffan ba. Ina ganin alamar tana karantawa.

Na zauna na rubuta dogon sharhi. Na ce ba a yi wa mutum gata da ƙarya. Na rufe da cewa: da an faɗa masa, da ya zo. Masu goyon bayana suka yi ta yabo. Ban ji daɗin komai ba.

Ranar Alhamis da hantsi ina kan gyaran wani tsohon keke, inuwa ta tare mini haske. Na ɗaga kai, sai ga matar wana. Ta rame.

"Anti... sannu da zuwa. Keke ne?"

"Ba keke ba ne, ƙanina. Ba kuma zan zauna ba." Ta riƙe bakin tebur. "Wanka yana asibiti. Ranar Asabar da yamma za a yi masa aiki a ciki. Likitoci sun ce akwai hatsari."

Sukudireba ta suɓuce daga hannuna.

"Shi ya aiko ki?"

"Shi? Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa maka ba. Wai kada ka zo don tausayi, kada a ɗora maka nauyi." Ta share ido da bayan hannu. "Na yi alkawarin, na kuma karya. Shi ya riƙe nasa ya rasa ƙani, na ga abin da hakan ya yi masa. Ni ba zan iya ba. In ya tashi ya yi fushi da ni, na yarda."

Ta faɗa mini ɗakin da yake, ta juya ta tafi.

To, ga shi an faɗa mini.

Alhamis ta wuce ban je ba. Juma'a na rufe shago na kama hanya, na kai har inda nake hango ginin asibitin, na juyo. Na ce ai shi ma bai so in sani ba. Na ce idan na je kamar na yarda bai yi laifi ba ne. Duk hujjar da na kawo sai in ji ta yi mini daidai, amma ban gamsu ba. Na buɗe sharhina na sake karantawa. Da an faɗa masa, da ya zo. Ni na rubuta da hannuna. Ina da tabbacin haka game da Dogo, mutumin zane. Game da kaina fa?

Asabar da safe na wasa almakashin Allura har yana ɗaukar ido, na naɗe a tsumma, na nufi shagonta. Tana kan keke, zare a baki. Ba ta ɗago ba.

"Ajiye a nan. Na gode."

"Yana asibiti. Yau za a yi masa aiki."

Keken ya tsaya.

"Innalillahi... Wa ya faɗa maka?"

"Matarsa. Tun shekaranjiya."

"Ka je?"

"Ban je ba."

Na jira ta soka mini allurar. Tana da abin faɗa, kowa a zaure ya karanta abin da na rubuta. Ba ta faɗa ba. Ta cire zaren daga bakinta, ta lulluɓe keken, ta ɗauki jakarta.

"Me kake tsoro?" ta tambaya.

"Idan na je na gan shi, kuma har yanzu ina jin haushinsa fa?"

"Sai ka ji haushinsa kana zaune kusa da shi. Tashi mu je, abin ƙaunata. Zan raka ka har ƙofa. Shiga kuma naka ne."

A cikin mota wayata ta fara ƙugi. An saki kashin ƙarshe, zaure ya kama da wuta. Na mayar da Mai Aski, na rubuta cewa yau babu doka, kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Na kashe wayar ban karanta komai ba.

"Alƙali ya yi murabus?" in ji Allura.

"Ya tafi hutu."

Ɗakin dogo ne, gadaje a jere, warin magani ko'ina. Daga ƙofa na hango Anti a kan kujerar roba tana fifita. Wanda take yi wa fifitar ban gane shi ba da farko. Wana ƙato ne, direban babbar mota, shi ke ɗaga ni sama da hannu ɗaya ina yaro. Yanzu bargo ya kusa shanye shi.

Ƙafata ta ƙi gaba. Allura ba ta tura ni ba. Ta tsaya kawai a gefena har na ɗaga ƙafar da kaina.

Ya buɗe ido ya gan ni. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ga matarsa.

"Ke... ke kika faɗa masa?"

"Ni ce. Ka warke ka hukunta ni."

"Mace ba ta riƙe magana," ya ce.

"Gara haka," in ji ta. "Mun ga inda riƙon ya kai mu."

Ya so ya yi dariya, ciwo ya hana shi. Ya sake dubana.

"Har yanzu kana kallon 'yan tsanan nan masu takobi?" ya tambaya daga ƙarshe.

"Yau ake ƙarewa."

"Yaya aka ƙare?"

"Ban sani ba. Ban kalla ba."

Idonsa ya sauka a kan Allura da ke bakin ƙofa.

"Wace ce waccan?"

"Wadda za ka je ka ga babanta idan ka tashi. Don haka sai ka tashi."

Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido har cikin kunne. Anti ta miƙe ta ba ni kujerar, ta je ta kama hannun Allura suka fita baranda.

Na zauna. Haushin yana nan, ban ji ya tafi ba. Amma hannunsa yana kan bargo yana rawa, kuma wannan karon na gani. Na ɗora nawa a kai.

"Yaya..."

Ya runtse ido.

"Yaya, faɗa mini abin da Mama ta ce."